Dokar Darcy

Sawun tayoyin yana nan raɗau a kan jar ƙasa, taku biyu cikin layin farar ƙasa da ya shata iyakar hanyar tsere. Babu wanda ya yi gardama a kansa, har shi Darcy Pollitt mai sawun.

Tseren motarsa na ƙarshe ke nan. Gwiwa ta ƙi, motar ma ya riga ya yi cinikinta. Tun yana saurayi yake zagaya filin nan na bayan mayankar tumaki, bai taɓa ɗaga kofin shekara ba. Yau in ya zo na ɗaya, kofin nasa ne. In ya gaza, kofin ya koma hannun Col Brannigan, wanda ya fi shi maki.

Ya kuwa zo na ɗayan. Sai dai a kwanar ƙarshe motar Col ta juya ta mutu a tsakiyar hanya, ƙofar direba tana kallon Darcy. Ko ya daki ƙofar, ko ya faɗa cikin layi. Ya faɗa.

Alƙaliyar tseren ƙanwar Darcy ce, Noelene. Ta same shi a bayan rumfar masu gasa nama, yana cin burodi da albasa kamar ba shi ba.

"Yaya, ka san hukuncin. Baya da mataki biyu, ka koma na uku."

"Na sani."

Wa zai fi shi sani? Da can dokar cewa take duk wanda ya tsallake layi a mayar da shi baya, sai dai in kauce wa haɗari ya yi. Bara Col ya yanke kwana ta cikin layin, ya rantse wai kauce wa wani ya yi, ya tafi da kofi. Darcy ya miƙe a taron ƙungiya yana dukan tebur sai an cire "sai dai" ɗin nan, wai ƙofar maƙaryata ce. Aka cire. Har sunansa aka laƙaba wa dokar, shi kuma yana jin daɗi.

Sai ga Col yana ɗingishi, hular kwano a hannu.

"Noelene, haba! Mutumin nan haƙarƙarina ya ceta. Ki kau da kai mana."

"Da wane ido zan kau? Garin nan kaf ya gani."

"To ni ba na son kofin. A ba tsohon banzan nan."

"Riƙe kayanka," in ji Darcy. "Sadaka na ce maka ina nema? Ka je ka koyi riƙe sitiyari tukuna."

Rasa kofin ya yi wa Darcy ciwo ƙwarai, bai kuma iya ɓoyewa ba. Albasa ya ɗora wa laifin ƙwallar da ta cika masa ido. Aka kira Col a lasifika, ya tafi yana waiwaye.

Noelene ta zauna kusa da yayanta a kan tsohuwar taya.

"Taro mai zuwa zan ce a mayar da 'sai dai' ɗin nan cikin dokar."

Darcy ya daɗe yana kallon filin. Motar yayyafa wa filin ruwa ta shigo, tana bi ta kan sawun a hankali.

"Kar ki soma," ya ce. "Baɗi Col zai yanke kwana ya ce rai ya ceta."

"Baɗi ai ba ka ciki, Yaya."

Ya ce ya sani.