Rabin Awar Baba Eriya

"Ba wannan ba, 'yar nan. Na hagu, mai kan tauraro."

Tela ta ajiye sukudireban da ke hannunta, ta ɗauki ɗayan, ta harari tsohon ta saman tabarau. Shekararta hamsin da biyu, jikokinta uku, amma a bakin Baba Eriya har gobe 'yar nan ce. Yana zaune a kujerarsa an tokare shi da matasai biyu, hannayensa na rawa a kan cinya. Akwatin rediyon kuwa yana kan tebur a buɗe, cikinsa kore shar, cike da ƙananan abubuwa kamar an zubar da kwalin maɓallai.

"Baba, in na lalata fa?"

"Mai zura zare a allura ba ta lalata wannan. Ɗauko filtar. Kada ki taɓa ƙafafunta, riƙe ta ta gefe."

Filtar, abin tace sautin rediyo, ba ta kai kwalin ashana ba. Wata biyu yana jiran isowarta, da ta iso kuma hannunsa ya riga ya daina yi masa biyayya. Shi ya sa ya aika 'yarsa ta kira maƙwabciyar da suka yi shekara goma sha tara suna faɗa ta bango. Shagon Tela da ɗakin rediyonsa bango ɗaya ne ya raba su. Duk sanda ta taka keken ɗinkinta na lantarki, sai ta ji sandar tsintsiya tana dukan bangon, gaf gaf gaf, wai injinta yana shiga masa rediyo. Ita kuma ta ƙara taka keken da gayya. Yau ga ta a cikin ɗakin da ta daɗe tana tsine wa, tana riƙe numfashi kada hannunta ya goce.

Rediyon Baba ba irin na jin labarai ba ne. Da shi ake kira, a amsa daga wata duniya. Yana da lasisinsa a bango cikin gilashi, da lambar kiransa, da dogon ƙarfen eriya a bayan gida wanda ya ja masa sunan da duk layin ke kiransa da shi. Tun da ya bar aikin gyaran na'urori, rayuwarsa ta koma kan wannan akwatin: yau ya canza masa waya, gobe ya ƙara masa abin ƙarfafa ji, jibi ya hau tsani ya juya eriya. Duk wannan wahala a kan mutum ɗaya ce. Akwai wani tsoho can nesa, bayan teku, da suke magana kowace Laraba da ƙarfe biyar na yamma, shekara talatin da ɗaya ke nan. Ba su taɓa ganin juna ba, ba su taɓa karɓar lambar wayar juna ba, wai wannan aikin ragwaye ne. Baba yana ce masa Mai Laraba. To, wata huɗu ke nan Baba yana kira bai ji amsa ba, bai kuma san ko mutumin yana raye ba.

Filtar ta zauna da ɗan sauti, ƙas. Tela ta mayar da murfin, ta ɗaure kusoshi shida, ta goge hannu a zaninta. Biyar saura minti uku.

Baba ya kunna. Ya murɗa babban maɓallin da gefen tafinsa, fuskarsa ta ɗan saki.

"Kin ji? Da akwai wani mai ƙaton rediyo irin nawa a nan kusa da mu, muryarsa na malalowa cikin tamu. Yanzu filta ta yanke shi tas. Kuɗin wahalata ya fito."

Ita dai ba ta ji komai ba sai shuuu, kamar ana zuba ruwa a mai mai zafi. Ya jawo makirufon, ya danna maɓallinsa, ya faɗi lambar Mai Laraba, ya faɗi tasa, ya saki. Shuuu. Ya sake. Sau uku ya kira, yana tari a tsakani, yana karkata kunne har kansa na taɓa akwatin. Da biyar da kwata ta yi, ya ajiye makirufon a hankali.

"Ba ta yi ba ke nan?" in ji Tela.

"Ta yi aikinta. Filta tana korar wanda ya tsaya a gefenka ne. Wanda ya zauna daram a kan tasharka, babu abin da za ta iya yi masa." Ya nuna mata wata allura mai auna hayaniya da ke rawa a bayan gilashi, ta haura rabi. "Kin ga wannan? Da na zo layin nan gonaki ne, allurar nan kwance take. Yanzu saurara. Wannan gurnanin mai walda ne. Wannan tsit-tsit ɗin mai cajin waya ne da wayoyinsa ɗari. Ga kilifar mai aski. Naki ne kawai babu, don kina nan. Shi kuma Mai Laraba ya koma gidan ɗansa a saman bene, 'yar waya kawai ya zura ta taga. In ma yana amsawa, muryarsa tana ƙarƙashin wannan tarkacen."

"To shi yana jin ka?"

"Ina zan sani, 'yar nan?"

A ƙofar gida 'yar Baba ta tare ta. Nas ce, ta ɗauki hutu ta dawo jinyarsa, kuma ba mai kewaye-kewaye ba ce.

"Yaya, likitoci sun sallamo shi ne don babu sauran abin yi. Huhun ya gama. Gobe za a kawo injin numfashi. In ya ga Laraba biyu, mun gode Allah."

Tela ta koma shago ta zauna a gaban keke, ta kasa takawa. Haushi ne ya fara kama ta, na tsohon da taurin kansa, sannan tausayi ya zo ya danne haushin. Washegari ta rufe shago da hantsi ta bi layin ƙofa ƙofa.

Mai aski bai bari ta gama ba ya ce ya yarda, dama kan da za a aske ba gudu zai yi ba. Mai cajin waya ya ɗan ja, ya ce masu wayoyi za su cinye shi ɗanye, ta ce ya turo su wurinta. Ta shiga gidaje tara ta roƙi a kashe firiji da talabijin da fitilu, rabin awa tak, ranar Laraba. Wasu suka yi dariya, wasu suka tambaya ko sabon magani ne. Mai walda ne ya kafe.

"Anti, ƙofa ce a hannuna, mai ita yana zuwa ranar da yamma. Ni ina ruwana da wani tsoho a bayan teku?"

"Babu ruwanka. Ni ma babu ruwana."

"To?"

"To ranar Laraba biyar saura zan zo da ɗinkin hannuna in zauna a kan ƙofar nan. In ka ga dama ka haɗa da ni ka yi waldar."

Ya dube ta, ya ga ba wasa a idonta, ya sauke gilashin fuskarsa yana gunaguni. Ta ɗauki gunagunin a matsayin amsa.

Larabar ta zo Baba ya ƙara zubewa. An jawo gadonsa kusa da teburin, ga bututu a hancinsa, ga injin numfashi a ƙasa yana huci. Tela ce ta kunna rediyon, daga batirin da ke ƙarƙashin tebur, kamar yadda ya nuna mata. Biyar saura biyar kilifar mai aski ta yi shiru. Allurar ta ɗan sauka. Aka ji mai cajin waya yana ba wani haƙuri, allurar ta ƙara sauka. Gurnanin walda ya ci gaba har biyar saura minti ɗaya, don dai a san ba tsoro ya ji ba, sannan ya mutu. Layin ya yi tsit, har ana jin kaji a bayan gida. Tela ba ta taɓa sanin unguwarsu na da kaji haka ba.

Amma allurar ba ta kwanta ba. Ta tsaya a ƙasa-ƙasa tana bugawa a jere, kamar agogo.

"Saura ɗaya," in ji Baba, muryarsa can ciki.

"Wallahi kowa ya kashe, Baba. Ni na bi su da ƙafata."

Ya juya ido ya dubi injin da ke huci a gefen gadon. 'Yarsa ta bi idonsa da kallo, ta girgiza kai.

"A'a, Baba."

"Minti biyar, uwata."

"Ka san abin da kake roƙo na kuwa?"

"Na sani. Ke ma kin sani."

Ta tsaya da hannu a ƙugu, idonta ya ciko. Tela ta sunkuyar da kai, don wannan ba maganar maƙwabta ba ce. Can nas ɗin ta cire agogon hannunta ta ajiye a kan tebur inda za ta riƙa gani, ta kama wuyan hannun ubanta da yatsu biyu, ta miƙa ɗayan hannun ta kashe injin.

Allurar ta kwanta. Shuuu ɗin ya zama siriri, mai laushi. Tela ta riƙe masa makirufon a baki, ya danna da kansa, ya faɗi lambobin biyu, ya saki.

Sai ga murya. Ƙarama ce, ta tsoho, tana zuwa tana komawa, amma kowace kalma a fili. Ta faɗi lambar Baba, ta faɗi tata.

"Ina jin ka biyar da tara, kamar kullum," in ji Mai Laraba. Tela ta san wannan, Baba ya taɓa gaya mata shi ne makin ƙarfin murya da ya fi kowane. "Wata huɗu ina amsa maka kana magana a kaina. Na sauke wayata na mayar sau shida. Ɗana ya ce na haukace."

Baba ya yi dariyar da ta zama tari. Da ya samu kansa ya danna.

"Ina jin ka uku da uku. Laifin ba naka ba ne, daga nan ne. Na sa sabuwar filta, an kuma kashe mini unguwa."

"An kashe maka unguwa? Wa ya yi wannan aikin?"

"Mai keken nan da nake ba ka labari."

"Mai taurin kan?"

"Ita. Tana jin ka."

"To a gaishe ta." Muryar ta nutse, ta dawo. "Tarin nan naka ina jin sa tun watan jiya. Ba na son sa."

"Minti ɗaya, Baba," in ji 'yarsa, ba ta ɗaga ido daga agogon ba.

Baba ya ja numfashi sau biyu kafin ya danna. Leɓɓansa sun fara canza launi.

"Saurara da kyau. In ka kira Laraba mai zuwa ba ka ji ni ba, kada ka taɓa wayarka. Kada ka hau taga. Kayanka lafiya lau suke. Ka ji?"

Tela ta matso da kunne jikin akwatin.

"Na ji," in ji Mai Laraba.

Nas ta kunna injin, allurar ta tashi tana bugawa, muryar ta nutse a ƙarƙashinta. Baba ya koma kan matashi ya rufe ido, yana haki, fuskarsa a sake.

Ranar Asabar da safe ya cika, 'yarsa na goge masa fuska da tsumma mai ɗumi. Tela tana yanka yadi ta ji kukan ta bango, ta ajiye almakashi ta zagaya. Mai walda ne ya fara zuwa cikin maza, ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu bai san inda zai sa kansa ba.

Da Laraba ta kewayo baƙi sun ragu, an mayar da injin numfashi inda aka aro shi. Biyar saura 'yar Baba ta leƙo shagon.

"Yaya, ni ban iya kunna abin nan ba."

Tela ta bi ta. Ba ta roƙi kowa komai ba wannan karon. Kilifar mai aski na ta aiki, amma ta hango mai walda a zaune a kan bokiti, injinsa a kashe, yana kallon ƙasa. Ta kunna rediyon, ba ta taɓa babban maɓallin ba. Makirufon yana rataye a ƙugiyarsa. Wannan sai mai lasisi, su nasu saurare ne.

Ƙarfe biyar daidai muryar ta taso daga cikin shuuu ɗin, da ƙyar ake kama ta. Ta faɗi lambar Baba, ta faɗi tata, ta jira. Matan biyu suka zauna a bakin gadon da aka yaye wa zani, kafaɗa da kafaɗa. Mai Laraba ya sake kira, a hankali, harafi bayan harafi. Ya jira fiye da na farko.

"Kayana lafiya lau suke," in ji Mai Laraba. "Ban taɓa wayar ba."

Bai ƙara kira ba. 'Yar Baba ta kwantar da kanta a kafaɗar Tela, suka bar rediyon a kunne, allurar tana ɗan rawa a bayan gilashinta.