Ƙyallen da Tela Ta Ɗinka

Idan ana lissafin masu tsafta a layin nan, Saje ba ya cikin sahun farko, ba ya ma cikin na biyu. Takalminsa sai ya canza launi kafin ya tuna da shi, kofin shayinsa kuwa yakan kwana ya wuni a kan taga. Amma zo ka ga yadda yake yi wa sarewarsa. Sunanta na gaskiya kilarinet, baƙa ce doguwa mai maɓallan azurfa, ita ya busa a badujalar 'yan sanda har ya yi ritaya. A gidan dai ba wanda ya taɓa wahalar da harshensa, sarewa kawai ake ce mata.

Kullum da yamma zai zauna a bakin gado ya busa har rana ta yi sanyi. In ya gama sai a shiga hidima. Ya kwance ta gaɓa-gaɓa, ya cire siririn karan da ke bakinta ya goge, ya shafa mai a mahaɗai, ya bi maɓallan da ɗan buroshi. Sannan ya ɗauko ƙyallen. Numfashin mutum yana barin laima a cikin sarewa, in ba a tsane ba itacen ya tsage, don haka ake da ƙyalle mai doguwar igiya da ɗan dalma a ƙarshenta. A jefa dalmar ta sama ta faɗo ta ƙasa, a ja, ƙyallen ya bi ta ciki ya kwashe laimar. Saje zai ja ya sake ja, ya naɗe ƙyallen da danshinsa, ya kwantar da shi gefen sarewar, ya rufe akwati ruf.

Matarsa ce ta ɗinka masa shi. Ɗinki ne sana'arta, shi ya sa yake ce mata Tela, ita kuma ta fara kiransa Saje tun yana kurtu, don tsokana, har muƙamin ya zo ya same shi. Wani ɗankwalinta na siliki ta yanka, shuɗi mai ɗigo-ɗigo, ta kalmashe bakinsa da hannu. Duk mako sai ta zare shi daga akwatin ba neman izini, ta wanke, ta shanya tare da safarsa, ta ɗiga masa turarenta tana mita.

"Miyaunka fa nake wankewa, Saje, ko sannu babu."

"Ai waƙar da nake busa miki ita ce sannun," zai ce.

Ranar da ciwo ya kayar da Tela, ƙyallen yana kan igiyar shanya. Ba ta dawo daga asibiti ba. Shi ya je ya kwashe shi da hannunsa, bayan masu gaisuwa sun watse, kuma tun daga nan ruwa bai sake taɓa shi ba. Ba mantuwa ba ce. Hannunta ne ya wanke shi na ƙarshe, Saje kuwa ya ƙudurta a ransa cewa haka zancen zai tsaya. Bai gaya wa kowa ba, don ya san dariya za a yi masa, ko kuma a tausaya masa, wanda ya fi ciwo.

Daga baya tari ya kama Saje, ya fara ne kamar wasa, irin na mura da ta ƙi tafiya. Aka ce asma ce, aka ba shi abin shaƙa. Aka ce tarin fuka ne, aka auna ba a samu ba. Saje yana ramewa, wandunansa suna neman sabon rami a bel. Benen da yake hawa da gudu da akwati a hannu, yanzu sai ya tsaya a tsakiya ya dafa bango, ya yi kamar yana duba wani abu a aljihu don kada maƙwabta su gane. Waƙar da yake busawa a numfashi guda ta koma yankakkiya, yana tsayawa a wuraren da ba a tsayawa.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ita ce ta rage kusa, tana aure a can gefen gari. Ta ɗauke shi ya yi 'yan makonni a wurinta, ya bar sarewar a gida don jikoki ba sa barin abu. Can ya murmure, har ya fara cin abinci da santi yana tsokanar mijinta. Yana dawowa gida ya buɗe akwati, kafin mako ya zagayo tarin ya dawo da ƙarfinsa. Saje ya ce iskar unguwar ce. Auta ta ce ko ma mene ne, asibiti za su koma.

Likitar da suka samu a wannan karon yarinya ce, ba ta fi Auta ba, mai yawan tambaya. Ta ɗaga hoton ƙirjinsa ta daɗe tana kallo.

"Baba, kana kiwon tantabaru ko kaji?"

"Ko kyanwa ba ni da ita."

"Ɗakinka yana yoyo? Akwai danshi a bango?"

"Babu."

"Me kake yi kullum, wanda ba ka yi ba da kake gidan 'yarka?"

Auta ce ta amsa. "Busa. Kullum sai ya busa sarewarsa."

"Ku kawo mini ita in gani," in ji likita.

Saje ya kai ta da kansa, har da ɗan taƙama. A nan dai ba a isa a kama shi da laifi ba. Ya ɗora akwatin a kan tebur ya buɗe, maɓallan suna ɗaukar ido.

"'Yata, tun kafin a haife ki ban taɓa busa ta na kwana ban goge ta ba."

Likita ta sa safar hannu, ta haska cikin sarewar da 'yar fitila. Sai ta ɗaga ƙyallen da yatsu biyu ta warware shi. Auta ta kau da fuska ta toshe hanci. Saje ya dube ta da mamaki, don shi ƙamshin turaren Tela yake ji.

"Yaushe rabon da a wanke wannan?"

Saje ya sunkuyar da kai. Auta ta kalli ƙyallen, ta gane ɗankwalin, ta kalli mahaifinta.

Da sakamakon gwaji ya fito, likita ba ta yi kwana-kwana ba. Fumfuna ce. Rabin ɗigon da ke jikin ƙyallen ba zanen siliki ba ne. Ta kama ƙyallen, ta kama shimfiɗar akwatin, ta kama cikin sarewar tun daga sama har ƙasa. Duk yammacin da ya ja ƙyallen nan yana ganin tsafta yake yi, shuka ta yake yi, washegari kuma ya sa baki ya shaƙa.

"Busawa nake yi, likita, ba zuƙa ba," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

"Tsakanin busa da busa fa, Baba? Da me kake cika ƙirjin?"

Ta nuna masa farin da ya mamaye hoton. Ta ce huhun ya yi tabo, tabo kuwa ba ya komawa. Abin da za a iya shi ne a hana shi ƙaruwa: a kai sarewar wurin mai gyara ya wanke ta ciki da waje, a yar da akwatin, a yar da ƙyallen.

"Zan sake busawa?"

"Ba zan yi maka alkawari ba," ta ce.

Auta ba ta wasa da aiki. Ta kai sarewar gyara, ta sayo sabon akwati, sabon buroshi, sabon mai, fakitin kara, da wani farin ƙyalle na kanti a cikin leda. Tsohon akwatin ta kai bola da kanta. Ƙyallen ne kawai ba ta gani ba.

"Na yar," in ji Saje, yana kallon taga.

Sarewa tana wurin gyara, ba busa ba komai, amma tarin bai lafa ba. Wata safiya Auta ta zo canza masa zanen gado, ta ɗaga matashi, sai ga ƙyallen a ninke a ƙarƙashi, daidai inda hancinsa yake kwana. Ta zauna a bakin gadon.

"Baba, kashe kanka za ka yi? Mun rasa Mama, kai ma so kake ka bi ta ka bar ni?"

"Ba ni shi, Auta."

"Wallahi ba zan bayar ba."

"Ita ta wanke shi na ƙarshe." Tari ya sarƙe shi, ya daɗe kafin ya samu kansa. "Kayanta duk kun raba. Keken ɗinkin ma kun bayar. Shi kaɗai ya rage mini wanda hannunta ya taɓa."

Auta ta yi kuka sosai, don ita ma uwarta ce. Da ta share fuska sai ta ce to ba za ta yar ba, amma za ta tafasa shi, ta wanke tas, ta shanya a rana, ya ajiye abinsa. Saje ya ƙyale ta. Ba shi da numfashin gardama.

Yana zaune a kujera yana jin ƙarar tukunya a kicin. Can ya ji ta yi salati a hankali. Silikin ya tsufa, fumfuna ta riga ta cinye zarensa, dattin ne kawai yake riƙe da shi. Ruwan zafi yana taɓa shi shuɗin ya fita, ƙyallen ya saki ya dagargaje kamar takarda. Abin da Auta ta tsamo da cokali igiya ce, da ɗan dalmar, da wani zare-zare mai launin toka. Ta kawo masa a kan faranti.

"Baba, ka yafe mini."

Ya kai igiyar hancinsa. Warin sabulu kawai.

"Ba komai," ya ce. "Kin yi daidai." Kuma ya san ta yi daidai, shi ne ma abin da ya fi ƙona masa rai.

Ranar da aka dawo da sarewar daga gyara, tana sheƙi kamar ba tasa ba. Auta ta tsaya a bakin ƙofa. Saje ya shafa sabon mai a mahaɗai, ya haɗa gaɓoɓin, ya jiƙa sabon kara a bakinsa ya ɗaura. Yatsunsa ba su manta komai ba, kowanne ya tafi mazauninsa. Waƙar Tela yake so, wadda yake ce mata ita ce sannun. Ya ja numfashi iya inda ƙirjin ya yarda, ya busa.

Iska ta fita, fuuu, ba murya. Ya gyara zama ya sake. Sarewar ta yi ɗan ƙara siriri ta ɗauke, tari ya biyo baya har idanunsa suka kawo ruwa. Ya huta, ya gwada na uku, sannan ya sauke ta a kan cinya.

"Gobe ka sake gwadawa, Baba," in ji Auta. Ba ta iya kallonsa ba da ta faɗa.

Saje ya ɗaga sarewar daga cinya. Hannunsa ya ci gaba da abin da ya saba, ko an busa da yawa ko kaɗan, ba a mayar da sarewa akwati ba a tsane ta ba. Ya kwance ta gaɓa-gaɓa, ya yage ledar, ya zaro farin ƙyallen kanti. Ya jefa dalmarsa ta sama, ta faɗo ta ƙasa, ya ja. Ya murza ƙyallen tsakanin yatsunsa yana neman laimar numfashinsa.

A bushe ya fito.