Fensirin Kafinta a Ƙofar Laburare

Shekararta arba'in da biyu, amma har yanzu Auta ake ce mata, domin ita ce ta ƙarshe a 'ya'yan kafinta. A shagon mahaifinta ta koyi rubutu. Shi yana auna katako, ita tana zana haruffa a kan allunan masu shaguna kafin a bi su da fenti. Fensirinta irin na kafintoci ne, mai faɗi. Takan fere shi da reza, ta goga bakinsa a kan samfefa har ya koma kamar bakin sukuddireba. In ta ja shi ƙasa layin ya fito da kauri, in ta ja shi gefe ya fito siriri kamar gashi.

Da tsohon ya rasu, Yayanta ya karɓi shagon, ya sayo na'urar da ke yanka haruffa a jikin sitika.

"Ki je ki huta, Auta," in ji shi. "Na'ura ba ta ciwon baya."

"Ni na ce maka bayana na ciwo?"

Ya koma kan na'urarsa. Ta kwashe fensiranta a gwangwanin madara ta koma gida.

Bayan wata biyar ta ga sanarwa a jikin laburaren unguwa: za a yi gasa da baje kolin rubutun hannu na mako guda, kowa na iya kawo nasa. Mako uku ta yi a kan takarda ɗaya. Sunayen kayan aikin mahaifinta ta rubuta: zarto, guduma, ƙusa, gam, abin awo. Jikin haruffan ta cika da fensir mai laushi, wanda ke fita baƙi ƙirin. Jelar kowane harafi ta ja da fensir mai tauri. Inuwa kuwa da auduga ta murza ta. Ƙarƙashin hannunta kullum akwai guntun takarda, don kada gefen tafinta ya shafe aikin.

Mai kula da laburaren dattijo ne mai tabarau, shi ma gwanin alƙalami, shi ya shirya taron. Ya buɗe takardarta ya daɗe yana kallo, har ya kai yatsa zai taɓa.

"Kada ka taɓa, Malam, zai shafe."

Ya janye yatsan. "Au, fensir ne? To kin ji matsalar. Wannan ai somin aiki ne, Malama. Ki je ki bi shi da tawada ki dawo."

"Aikin ya ƙare. Haka nake son sa."

"Fensir na 'yan koyo ne. Mai fensir bai yarda da hannunsa ba, shi ya sa yake yawo da abin gogewa. Mu nan layi ɗaya muke ja, in ya ɓaci ya ɓaci."

Mutum huɗu da ke bayanta riƙe da nasu ayyukan suka zuba musu ido. Auta ta matsa gaban dattijon. Ta zazzage jakarta a kan teburinsa: fensira, reza, samfefa, auduga, makullin gida.

"Duba da kyau, Malam. Ka ga abin gogewa a nan?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta jawo farar takarda daga gabansa, ta tsaya a tsaye, ta rubuta kalmar "laburare" da fensirin kafinta. Ta danna a saukowa, ta sassauta a hawa, ba ta koma kan layi ko sau ɗaya ba. Wata mata a layin ta ce, "Kai!" ba ta san ta faɗa ba.

Dattijon ya gyara zaman tabaransa. "Hannu kam akwai shi. Amma doka doka ce. Tawada."

"A sanarwarku ba a rubuta tawada ba."

"To yanzu na faɗa."

Ta naɗe takardarta ta fita. Daga nan shagon Yayanta ta wuce. Ya ga fuskarta ya kashe na'ura.

"Wa ya taɓa ki?"

Ta ba shi labari. Ya karɓi takardar ya buɗe, ya karanta sunayen kayan aikin ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Da ya zo kan "guduma" sai ya juya baya, ya yi kamar yana neman wani abu a kan benci.

"Gilashi nake so da firam," in ji ta. "Da abin jinginawa mai ƙafa uku."

"Ina za ki kai?"

"Bakin ƙofarsu. Titi ai ba nasa ba ne."

"Auta, za ki ja mana magana."

"An daɗe ba a ja ba."

Ranar buɗe taron ta riga kowa zuwa. Ta kafa firam ɗinta a gindin bishiyar da ke kallon ƙofar laburaren, ta ajiye ƙaramin tebur da kujera. Mai gadi ya zo ya ce ta tashi. Ta ce ya nuna mata inda filinsu ya ƙare. Ya nuna. Ta matsa taku biyu ta zauna.

Duk mai shiga sai ya bi ta gabanta. Wasu suka yi dariya, wani ya tambaya ko sayar da fensir take yi. Ta ce ya faɗi sunansa, ta rubuta masa a guntun takarda. Ya tsaya yana kallon sunan kamar bai taɓa ganinsa ba. Kafin rana ta yi tsaka mutane sun zagaye teburin. Ta nuna wa wasu malaman makaranta mata biyu yadda ake ɗaure fensir biyu da roba, a ja su tare, harafi ya fito da layi biyu. Gefen hannunta ya yi baƙi har gwiwar hannu.

A rana ta uku dattijon ya fito da kansa, hannayensa a baya. Ya tsaya gaban firam ɗin, ya sunkuya, ya duba ta gefe inda baƙin fensirin ke ƙyalli.

"Akwai gurbi a ciki," in ji shi a hankali. "Kusa da ƙofa. Sai dai za mu rubuta a ƙasansa cewa ba ya cikin gasar."

"Na gode, Malam. Nan ya fi haske."

"Rana za ta ci takardar."

"Takarda za ta iya yin ja, amma fensir ba ya koɗewa. Taku tawadar ce ke tsoron rana."

Ya juya ya koma ciki. Auta ta zauna a gindin bishiyar har kwana bakwai suka cika. Ba ta ci kyauta ba, sunanta ma bai fito a takardar taron ba. Ranar ƙarshe Yaya ya zo da motar shago ya ɗauki tebur da kujera. Firam ɗin kuwa ta hana shi sawa a baya, ta riƙe shi a cinyarta. A hanya ta gaya masa malaman makarantar nan biyu za su riƙa zuwa koyo duk Asabar, kuma a shago za ta koyar da su, don haka ya matsar da na'urarsa daga bakin taga.