Tsuntsun da Yero Ya Kira

Yero Pate maƙaryaci ne, kuma a kan 'yar cikinsa ya yi ƙaryar. Ni taubashinsa ne, ruga ɗaya muka tashi a gabashin Dori, amma ba zan rufa masa asiri ba.

Ƙarshen damina zazzaɓi ya kama 'yar tasa Takko, tana 'yar shekara uku. Kwana biyu uwarta Daado tana jiƙa tsumma tana shafa mata a goshi da hammata, tana ɗiga mata madara da ludayi. Jiki kamar dutsen murhu. Ranar kasuwa ta tare mijin a bakin bukka.

"Maigida, ka biya asibiti ka kawo mai duba ta. Ko ruwa ta daina haɗiya."

"Na ji. Sau nawa za ki faɗa?"

A kasuwa na same shi wajen shanu, yana zagaya wani jan bijimi da ba nasa ba. Na ce, "Bawana, ba asibiti aka aike ka ba?"

"Rufe min baki, sarkin tsegumi. Asibiti guduwa zai yi?"

Ya sha shayi, ya yi gardamar ƙaho da kofato, har ma'aikatan asibiti suka tashi. Tare muka koma gida da la'asar, hannunsa wayam.

Daado ta dubi hannun, ta dubi fuskarsa. Kunya ta kama shi, sai ya nemi mafaka.

"Allura ba za ta yi mata komai ba. Tsuntsu ne. Shekaranjiya da tsakar rana na ga inuwarsa ta gifta ta kanta."

A wurinmu ba a ambatar wannan a gidan da yaro ke kwance. In an ce tsuntsu ya gifta, an rufe maganar asibiti, ba a kuma fitar da yaro sarari. Mahaifiyarsa ta dafe ƙirji.

"Kai, ɗan nan! Da idonka?"

"Da idona, Inna."

Na san ƙarya yake. Shekaranjiya muna kiwo tare a bakin tafki. Na yi shiru, kuma zan amsa wannan a gaban Allah.

Tsohuwa ta toshe ƙofa da zana, ta turara hayaƙi, ta lulluɓe yarinya da bargo biyu. Daado ta yaye, tsohuwa ta mayar.

Washegari da hantsi kaji suka ruga ƙarƙashin rumbu suka yi tsit. Ba gajimare, ba shaho. Sai ga inuwa ta sauka a tsakar gida, mai faɗin tabarma, da fikafikai. Muka ɗaga kai, sama fayau. A cikin bukka Takko ta sandare, idanu suka juye.

Daado ba ta nemi izinin kowa ba. Ta goya 'yarta, ta kifa mata ƙwarya a ka, ta ratsa gefen inuwar ta kama hanyar gari. Inuwar ba ta bi ta ba. A hankali ta ja jiki zuwa inda Yero yake tsaye, ta rufe masa ƙafafu. Ya ce sanyi yake ji har ɓargo.

A asibiti aka ce zazzaɓin sauro ne ya hau kai, da jiya aka kawo ta da sauƙi. Takko ta rayu, amma ta kurmance, ba ta ƙara jin ko da sauti ba.

Yero kuwa, duk sa'ad da ya fito sarari, abin nan na sauka a kansa, duk wanda ke wurin sai ya gani. Shanunsa suka ƙi shi, in ya matso sai su watse. Ƙannensa suka raba garken. Daado ta koma gidan ubanta da 'yarta. Shekara tara ke nan yana zaune cikin bukka, ana tura masa abinci ta ƙarƙashin zana.