Mai Riƙe Gora

Nafi'u ya iso Babura bayan la'asar, cikin shadda mai tsayuwa da kanta, ya ajiye motarsa a inda dole kowa ya kauce mata. Ma'aikacin gwamnati ne a Kazaure, irin waɗanda in sun zo sai su yi ta cewa babu kamar gida, alhali kafin magariba sun juya.

Ukasha, ɗan ƙanin mahaifinsa, ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya kuma san abin da ya kawo shi. Matar Nafi'u ta sake haihuwa, suna son a ba su riƙon Sadiqa, 'yar Ukasha mai shekara tara, wai ta yi karatu a Kazaure. Ukasha bai amsa ba, bai kuma ƙi ba. Hana ɗan'uwa riƙo abin kunya ne, balle gare shi, da mahaifin Nafi'u, marigayi Alhaji Halliru, ya riƙe tun yana maraya.

Nafi'u bai fara da maganar ba, sai da ya share fage. Ya zaro waya yana murmushi.

"Ukasha, ka san abin da na tono? Katun ɗinmu na tashar Nijar. Ashe na Japan ne, anime ake ce masa. Kai, yarinta ta yi daɗi."

Ɗinmu. Ukasha ya haɗiye kalmar da ƙyar.

A wancan zamanin Alhaji yana da talabijin marar kala mai aiki da batirin mota, eriyarta a kan wata doguwar gora a bayan ɗaki. In manya sun kwanta, sai a juya eriyar arewa, tashar Nijar ta kawo katun da Faransanci. To amma gindin gorar ya yi sako-sako. Da an sake ta iska za ta juya ta, hoto ya watse, sai shuuu. Dole wani ya tsaya ya riƙe. Ba a taɓa zama an yanke wanda zai riƙe ba. Ɗan gida ya zauna, ɗan riƙo ya fita, shi ke nan.

Ta taga umarnin Nafi'u ke zuwa. "Dama kaɗan. Ka wuce. Yauwa, tsaya nan, kar ka motsa." Ukasha ya tsaya, sauro na walima a ƙafafunsa, ba halin ya kai hannu. Kiɗan farko ya haddace shi, ya san ƙarar takubba da ihun mutanen ciki. Da safe Nafi'u ya ba shi labari, rabi ƙarya, don Faransancinsa bai wuce sunan kuɗin sefa ba.

Yanzu ga kiɗan nan yana fita daga waya, bai canja ba ko kaɗan. Ukasha ya ji kafaɗarsa ta dama ta amsa. Ya leƙa. Wani yaro ne mai idanu kamar faifai, baki ɗan tsirit, gashi a tsaitsaye kamar tsohuwar tsintsiya, yana ta tsalle da takobin da ya fi shi tsawo. Wannan ne? A kan wannan ɗan banzan ya ciyar da sauron Babura? Takaici ya kama shi, har da na kansa, don shekara da shekaru yana ɗaukar abin da girma.

"Ashe gashinsa shuɗi ne," in ji Nafi'u. "Ka tuna inda ya faɗo daga kan dutse? Har hawaye ka yi, ina kallonka."

Ukasha ya dube shi yana neman alamar wasa. Babu. Bawan Allah da gaske yake. Ya wanke yarintarsa tas, ya goge, ya zaunar da Ukasha kusa da shi a gaban talabijin, har ya ba shi hawaye kyauta. Wanda ya ci shi ke mantuwa.

Sai ga Sadiqa da kwanon ruwa. Ta durƙusa ta gaida baffanta. Nafi'u ya amsa bai ɗago ba, hannunsa ya gaji da riƙon waya.

"Zo, 'yata. Riƙe mana nan. Ɗaga kaɗan. Yauwa, kar ki motsa."

Yarinya ta tsaya, hannu biyu a miƙe, fuskar wayar na kallon manya, ita tana kallon bayanta. Tana ta karkata kai ko za ta hango mai ihun, tana tsoron kada hannunta ya goce.

Nafi'u ya gyara zama, ya ga fage ya sharu. "To, batun Sadiqa. Ka ga yadda muka tashi ni da kai, komai tare. Abin da Baba ya yi maka, shi nake so in yi mata."

"Na sani, Yaya," in ji Ukasha. "Shi ya sa ba za ta je ba."

Kafin Nafi'u ya tanka, Ukasha ya ɗora.

"Allah ya jiƙan Baffa, ya ciyar da ni, ya tufatar da ni. Amma yaron nan mai shuɗin gashi, yau na fara ganin fuskarsa. Ina waje, ina riƙe da gora."

"Haba, Ukasha. Ai karɓa-karɓa muke yi."

"Wace rana na karɓa?"

Nafi'u ya ɗaga ido sama yana lalube. Ya daɗe yana lalube, kiɗa na ta tashi a zaure. Ukasha bai taya shi ba. Ya miƙa hannu ya karɓi wayar daga hannun 'yarsa, ya juya mata fuskarta, ya matsa mata wuri a kan tabarma.

"Zauna ki kalla," ya ce. "Ba wani abin kirki ba ne, amma ki gani da idonki."