Taɓaryar Gumsu

Hammawa, ɗan aiken mai unguwa, ya tsaya a ƙofar zaure yana buga sandarsa a ƙasa.

"Zarami, saƙo na kawo. Leburorin hanyar Maiduguri ba su da mai yi musu daka. Kowane gida zai ba da mutum ɗaya wanda ba ya aiki."

Zarami ya gyara hularsa. Shi ne mai awon gyaɗa a kantin Bature. "Ni ai ina da aiki."

"Ba kai nake nema ba. Jiya a kasuwar shanu ba kai ka ce matarka zaune take, ba ta komai sai cin albashinka ba?"

Ƙarar turmi a cikin gida ta ɗauke.

Zarami ya rage murya. "Ka rufa mini asiri. Ka san Ya Kaka na kwance." Tun damina ɓarin jikin mahaifiyar tasa ya shanye. Matarsa Gumsu ce ke juya ta, ta wanke ta, ta ba ta kunu a baki.

"To faɗa da ƙarfi, maƙwabta su ji," in ji Hammawa. "Ka ce gidanka ba ya tafiya sai da ita. Sai in wuce gaba."

Maƙwabtan kuwa sun riga sun taru, har da mahautan da suka yi masa dariyar jin daɗi jiya. Zarami ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga Gumsu ta fito, lulluɓe da mayafi, taɓarya a hannu.

"Malam Hammawa, me ake yi a can?"

"Daka, ɗiban ruwa, tuƙa tuwo."

"Ana biya?"

"Ana biya."

"Ashe a can sunansa aiki." Ta juyo wajen mijinta. "Maigida, magana ɗaya ce. Ina jira."

Wani mahauci ya yi tari. Zarami ya kau da kai daga gare ta, ya sake gyara hularsa.

Gumsu ta saɓa taɓaryar a kafaɗa. "Kunun na kan wuta. Kada ka ba ta da zafi. In ka kwantar da ita ta hagu, ba ta iya numfashi."

Ta bi bayan Hammawa.

Rana ta ɗaga, lokacin buɗe kanti ya yi. Daga ɗaki Ya Kaka ta fara kira a hankali: "Gumsu, zo ki juya ni."

Zarami ya cire hularsa ya shiga. Ya tsaya a kanta, bai san ta ina zai kama ba.