Rantsuwar Gwamnati

Gonar Baba Madu tana bakin hanyar Roni, kuma babu wanda ya taɓa sha'awarta sai da aka ji za a zuba wa hanyar kwalta. Nan take Alhaji Na'Allah, dillalin kananzir, ya tuna cewa gonar kakansa ce, aro aka ba mahaifin Madu lokacin da ya zo daga gabas. Gidan mai yake son ginawa a wurin.

Suka je gaban alƙali a Kazaure. Na'Allah ya kawo shaida ɗaya, alƙali ya ce sai ya cika da rantsuwa. Aka ɗauko Alƙur'ani. Na'Allah ya yi alwala mai kyau, har da tsefe gemu, ya zo ya tsaya. Ya dubi littafin, ya dubi ƙofa, ya ce cikinsa na murɗawa. Bai dawo ba. Madu ya koma gida ya shuka gero.

A shekarar ne soja suka yi doka cewa ƙasa duk ta gwamnati ce. Manoma suka ji a rediyo, suka ci gaba da noma. Na'Allah kuwa ya saurara da kyau, ya kai maganar gaban kwamitin filaye.

Sakataren kwamitin, Malam Sama'ilu, bai daɗe da gama jami'a ba, kuma sallar jam'i ba ta wuce shi. Ya karɓi Madu da ladabi, har ya ba shi kujera.

"Alhaji, ɗaga hannunka na dama," in ji shi. "Ka ce za ka faɗi gaskiya."

Na'Allah ya ɗaga.

"Ranka ya daɗe, ina littafin?" Madu ya tambaya.

"Wane littafi, Baba?"

"Wanda ya murɗa masa ciki."

Wani ɗan kwamiti ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

"Baba, nan ba kotun alƙali ba ce," Sama'ilu ya ce a hankali. "Gwamnati ta kowa ce, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Ba ma tilasta wa mutum rantsuwa da addininsa. Kalmarsa ta isa."

"Kalmar Na'Allah?"

"Ta kowane ɗan ƙasa."

Na'Allah bai sauke hannun ba, kamar mai tare mota. Ya faɗi sunan kakansa, da ranar aron, da launin jakin da mahaifin Madu ya zo a kai. Cikinsa bai ce komai ba. Shaidansa ma ya ɗaga nasa hannun ya maimaita. Da aka juyo kan Madu, sai aka tarar duk waɗanda suka ga an sare dajin nan suna maƙabarta.

"To ni a kawo mini in rantse," ya ce.

"Ko ka rantse, Baba, babu inda zan rubuta shi."

Aka kira azahar, aka ɗage zama. A masallacin sakatariya suka tsaya sahu ɗaya, kafaɗar Na'Allah na gugar ta Madu. Bayan sallama Madu ya kama hannun rigar Sama'ilu.

"Ɗana, tsakaninka da Allah, ka yarda da shi?"

Sama'ilu ya duba hagu da dama. "A nan, ban yarda ba."

"To?"

"Can kuma ofis ne, Baba."

Na'Allah ya cim ma Madu yana laluben takalmi. Ya rage murya, da alama tausayin na gaske ne.

"Kada ka riƙe ni a zuci, Baba. Ka gani da idonka, ban taɓa littafin Allah ba. Da gwamnati na yi magana."

Madu ya sa takalminsa ya fita.

Masu awon fili suka zo auna wa Na'Allah gonar gero na kai gwiwa. Madu ya roƙa a bar shi ya girbe, suka ce ba su da hurumi, ya tambayi kwamiti. Kwamitin kuwa ya tafi hutun azumi.